Tamanin da Takwas a Motar Kawu

A Tasawa ta wancan zamani, in mota ta shigo hannun ɗan gari abu biyu ake fara yi mata. A ƙara mata ƙarfen baya don ta iya ɗaukar kaya, a kuma cire mata kalorsta a jefar bayan garaji. Kalorsta wani ɗan ƙarfe ne, faɗinsa bai wuce bakin kofin shayi ba, yana zaune a hanyar da ruwa ke bi daga inji zuwa radiyata, inda iska ke sanyaya shi. In inji na da sanyi sai ya toshe hanyar, in ya yi zafi sai ya buɗe. Makanikanmu ba su taɓa ganin amfaninsa ba. Cewa suke abin Turawa ne, na ƙasar da ruwa ke daskarewa, mu da ba mu iya dafa jikin mota da tsakar rana me za mu yi da mai tsare ruwa? Na yi shekaru ina yi musu kallon jahilai saboda wannan magana.

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, yana da tsohuwar mota ƙirar kat-san-kat mai buɗaɗɗen baya. Da ita yake zagaya kasuwanni, Korgom, Mayahi, har Isawan da ƙauyukan da ke bayanta, inda garinmu yake. Shi ya ɗauko ni daga ƙauye ya sa ni lekol, makarantar boko, a gidansa na girma, kuma ranar da na fito malamin makaranta ya daina kirana da sunana, sai Mushe, yadda ake kiran malamin boko da Faransanci. Da fari da zolaya yake faɗa, daga baya ya zama da gaske. Bai yi boko ba, saboda haka duk abin da ke rubuce ya bar mini shi, tun daga takardun jandarma har ɗan littafin motar da muka tarar a akwatin gaba, ya sha maiƙo, ɓera ya ci rabinsa.

Shekarar da nake magana a kai soja ke mulki, damina ta ƙi, an kuma rufe iyakar Najeriya. Hatsi ya ɓace, esansi, wato man mota, ya ɓace, kayan gyaran mota da ke zuwa daga Katsina su ma suka ɓace. Motar Kawu kuwa ta zaɓi wannan lokaci ta koyi zarin sha. Da sanyin safiya sai ta yi ta tari tana fid da baƙin hayaƙi, a yi nisa kafin ta ware. Na buɗe littafin nan, na karanta abin da ya rage a kan kalorsta, na gane cewa injin da bai yi ɗumi ba ya fi shan mai. Wannan gaskiya ce, har yau ban janye ba. Abin da littafin bai gaya mini ba, ko ya faɗa a shafin da ɓera ya cinye, shi ne wace lamba ake sawa.

Na dami Kawu kwana da kwanaki. Ya ce tun da ya fara tuƙi bai ga motar da ta mutu don rashin kalorsta ba. Na ce bai kuma ga wadda aka taɓa auna shan manta ba. Ya yi dariya ya ce to, tunda Mushe ya faɗa, a je a nemo.

Akwai wani tsohon makanike a bayan tasha, idonsa ɗaya ya mutu, hannunsa ya daina ƙarfin ɗaure kusa, sai ya koma shimfiɗa tsofaffin ƙarafa a tabarma yana sayarwa. Yawancin kayansa daga motocin da samarin Turawa ke ratso Sahara da su ne, su sayar su koma gida ta jirgi. Duk kalorstan da aka cire aka jefar shi ke bi yana tsincewa, saboda tagullar da ke jikinsu. Da na gaya masa abin da nake nema sai da ya juyo da idonsa mai gani ya dube ni, ya tambaya ko lafiya. Sannan ya zazzage wani gwangwani ya zaɓo biyu da suka yi daidai da motarmu. Na goge su da gefen riga. Ɗaya an buga masa saba'in da biyar, ɗayan tamanin da takwas.

Tsohon bai san lambar boko ba, amma yana da tasa hanyar. Ya ɗora ƙaramar tukunya a kan gawayin shayinsa, ya rataya su biyun da waya cikin ruwa, muka tsuguna muna kallo. Ruwa ya fara kuka, ko kumfa bai yi ba, sai mai saba'in da biyar ya saki, ya buɗe. Ɗayan ya yi ƙememe. Sai da ruwa ya fara ɓulɓulowa daga gindin tukunya, ana gab da tafasa, sannan ya ɗan ɗaga kamar wanda ake roƙo.

"Ka gani da idonka, Mushe," in ji tsohon. "Wanga shina buɗewa da wuri, wancan taurin kai garai. In dole sai ka sa, ɗauki na hwarko. In ta tawa za ka bi, bar su duka nan."

Na gani da idona, shi ne abin da ke ci mini rai. Ba wanda ya ɓoye mini komai. Lambar nan ba ta nufin wani abu sai zafin da ruwa zai kai kafin a ba shi hanya, babbar lamba kuwa ta ƙasar sanyi ce, inda ake son inji ya riƙe ɗuminsa. Amma ni a kaina lambar juriya ce. Mun taso a inda ake auna mutum da zafin da yake iya ɗauka, wanda ya fara barin gona da rana shi ake yi wa dariya da yamma. Sai na ga wanda ya saki tun ruwa bai tafasa ba rago ne, ba zai iya bazararmu ba, mai tamanin da takwas shi ne namijin da aka ƙera don zafi. Na yi wa tsohon wannan bayani, ina tsarma Faransanci don ya san da wanda yake magana. Ya ce Allah ya ba da sa'a, ya zubar da ruwan ya ɗora shayinsa.

Da a ce motar ta ƙi tun ranar farko, da an yi mini dariya an wuce wurin. Amma lokacin sanyi ne muka sa shi, sai ta yi lafiya lau. Tari ya tsaya, hayaƙi ya ragu, man da ke kai Kawu Korgom ya kai shi ya dawo da saura. Ya dinga ba da labarina a tasha, yana cewa ɗan ƴar'uwarsa ya buɗe littafi ya warkar da mota ba tare da ya ɓata rigarsa ba. Ni kuma na dinga sunkuyar da kai irin na mai kunya, cikina kuwa cike da daɗi.

Bazara ta shigo, kasuwanni suka mutu, ba mai saya ba mai sayarwa. Motar ta koma kwana a gindin bishiyar bedi, sai ta yi sati ba a tashe ta ba. Ƴan tafiye-tafiyen da Kawu ya yi gajeru ne, amma ya lura ta fara shan ruwa. Allurar da ke nuna zafin inji ta mutu tun kafin motar ta zo hannunsa, shi da hanci da kunne yake aunawa. Sau biyu ya yi mini zancen, sau biyu na ce bazara ce, kowa ma yana shan ruwa.

Ana nan sai ga ɗan saƙo daga garinmu, ya kwana yana tafiya. An yi ruwa a arewa, ruwa na gaske, wanda ya shiga ƙasa har ya wuce gwiwar hannu. Amma babu iri. An cinye shi tun kafin sanyi ya fita. Gwamnati ta rubuta wa garinmu buhunan irin hatsi, suna ajiye a magazan, wato rumbun gwamnati, na Mayahi, sai dai kowane gari shi zai nemo abin ɗauka. Shanun amalanke sun mutu, jakunan da suka rage da ƙyar suke ɗaukar kansu. Ƙasarmu kuwa rairayi ce, danshi ba ya jira. Kwana biyu, in an yi sa'a uku, sama ta bushe, wanda bai shuka ba sai ya jira wani ruwan, kuma ba wanda ya san ranarsa. A gidanmu Inna ce, mahaifiyata, da matar wana da ƴaƴanta uku, shi wan nawa ya yi kudu neman abin da za a ci.

Kawu ya tono wani bidon, wato jarka, na esansi da ya binne a ɗakin kaya saboda rana irin wannan. Na bar ajina a hannun abokin aiki. Da asuba, yana duba ruwa da mai, sai ya tsaya da sifana a hannu.

"Mushe, abin nan naka, mu hidda shi mana kahin mu shiga rairayi. Kusa biyu ce kawai."

"Kawu, ai don irin yau aka yi shi," na ce. "In ba a zahi ba ina zai yi aikinsa?"

Ya dube ni, ya dubi injin, ya mayar da sifana aljihu. Ba don ya yarda ba ne, na san haka yanzu. Ya ji nauyin ya ƙaryata karatun da shi da kansa ya kai ni.

Muka isa Mayahi da wuri, aka loda mana buhuna kafin rana ta ɗaga. Sai aka ce ba mu tashi sai kumandan ya sa hannu a takarda. Kumandan soja ne, kuma a lokacin ba a tambayar soja yaushe zai fito. Muka zauna a gindin katanga tare da masu gari da direbobi, kowa da takardarsa a hannu, kowa yana kallon sama yana lissafin danshin gonarsa. Ba wanda ya yi ƙorafi, ko tari mai ƙarfi ba a yi. Kawu, wanda duk rayuwarsa da sanyin safiya yake ratsa rairayin Isawan, ya zauna yana kallon inuwa tana gajarta. Sai da rana ta kusa tsakiya aka miƙo mana takardar ta taga.

Mun wuce goriban gulbi lafiya. Da muka hau tuddan rairayi sai motar ta koma ƙaramin giya, tana nishi, tana tafiya kamar mai ciki. Babu iska ko kaɗan. A tudu na biyu Kawu ya buɗe hanci ya ce ta yi zafi, ya tsaya. Ruwa na ta tafasa yana fita ta bakin murfi. Muka jira ta huce, muka ƙara mata ruwa, ya kuma sake kallona. A nan ma da na ce a cire, da an cire, sai dai ƙarfen ya yi zafin da ba a taɓawa, jira kuma na nufin wata sa'a guda. Na ce mu lallaɓa, saura kaɗan mu fita daga rairayi. Tudu na huɗu ne ya ƙarasa ta. Ta yi wata ƙara daga ciki, farin hayaƙi ya turnuƙe ta baya, ta mutu a tsakiyar hawa. Da Kawu ya zaro sandar mai sai ga shi ya yi fari-fari kamar an zuba masa nono, ruwa ya riga ya shiga inda bai kamata ba.

Ya jira har ta yi sanyi, ya kwance kusoshin nan biyu, ya zaro kalorstan da tsumma, ya juya shi sau ɗaya ya wurga cikin sabara. Da ya zage ni da na ji sauƙi.

Na sha zama ina raba laifin nan, don na iya rabo in dai zai rage nawa kason. Radiyatar ta toshe da ruwan rijiyoyi mai kanwa. Murfinta ya saki, ba ya riƙe tururi. Kaya sun yi nauyi. Soja ya cinye mana safiya. Duk gaskiya ne, kuma makanikan da na tambaya daga baya sun ce lafiyayyar mota za ta iya ɗaukar tamanin da takwas. To amma tamu ba lafiyayya ba ce, kuma da wannan radiyatar, da wannan murfin, ta yi shekaru tana ratsa wannan rairayin da kaya har sama. Ɗan sararin da take da shi tsakanin zafi da tafasa, ni na sa hannu na toshe shi.

Duk da haka da a wata shekara ce da irin ya isa washegari. Akwai wani ƙauye kusa, akwai masu raƙuma biyu da suka yarda su ɗauka. Amma takardar da ke hannunmu lambar motar Kawu ke kanta. Buhun gwamnati a bayan raƙumi ba takarda, a wancan lokaci, sunansa sata, kuma kowa ya san yadda ake yi wa wanda aka kama. Masu raƙuma suka ce sai sun ga hatimi. Kawu ya zauna gadin buhuna, ni na koma Mayahi a ƙafa. Na tarar kumandan ya fita rangadi. Magatakardansa ya saurare ni har ƙarshe, ya ce ya ji tausayinmu ƙwarai, amma shi ma yana da iyali. Kwana biyu na yi a gindin katangar nan. Ban taɓa tsanar takarda ba kamar a kwanakin, ni da takarda ce abincina.

Ranar da muka shiga gari da raƙuma kwana biyar ke nan da yin ruwa. Mutane suka fito, ba guɗa ba hayaniya. Maigari ya taka zuwa gonar da ke bakin gari, ya tsuguna ya tura hannu cikin ƙasa har wuyan hannu, ya zaro ya kaɗe. Busasshen rairayi ne kawai ya zubo. Aka raba iri a ƙofar gidansa da tiya. Wasu suka yi binne, suka zuba shi cikin busasshiyar ƙasa suna jiran Allah, ɓerayen daji suka bi layi suka tone. Inna ta ce ita za ta ajiye nata har ruwa ya dawo.

Da aka tambayi abin da ya tsare mu, Kawu ya riga ni. Ya ce mota ta tsufa, kwananta ne ya ƙare, ba don Mushe ya koma Mayahi a ƙafa ba da ko wannan ba a gani ba. Tsofaffi suka dinga sa mini albarka. Motar kuwa ba ta sake tashi ba, kan injin ya lanƙwashe, kuma babu inda za a samo wani. Kawu ya zauna a ƙauye wurin yayarsa, ni na koma ajina.

Bayan sati uku aka rufe makaranta na dawo ƙauye. Ruwa bai sake sauka ba. A hanya na ratsa wani gari da irinsu ya isa a kan kari. Hatsinsu ya tsiro ya kama ƙasa, ganyen ya nannaɗe don ƙishi amma yana tsaye, saiwarsa ta bi danshi ta yi ƙasa. Na ɗauke kaina na ƙara sauri.

Na tarar da Inna a bayan ɗaki, tsugune gaban ƙwarya. Irin gwamnati da jan magani yake zuwa, garin guba da ake barbaɗa masa don ƙwari, an kuma yi shela cewa ba na ci ba ne. Tana wanke shi. Ta cuɗa, ta tsiyaye jan ruwan cikin wani rami da ta haƙa, ta sake zubawa, ta sa toka ta cuɗa. Sau bakwai take yi, in ji ta, wata maƙwabciya ta koya mata. Tafin hannunta ya rine. Jikokinta na zaune jikin danga suna kallon ƙwaryar, ba mai wasa a cikinsu. Na leƙa buhun da ke ɗaki, na ga abin da ya rage bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Ta ce ta yi sati guda tana riƙewa, amma mutum ba ya kwana da hatsi a ɗaki yara na kuka. Ruwa ya dawo bayan kwana biyu, aka kuma yi damina mai kyau a shekarar, sai dai abin da Inna ta shuka bai rufe kusurwa ɗaya ta gonarta ba.

A ranar dai, da na ga hannunta, na ji ba zan iya ba. Na sami Kawu a ƙofar gida yana gyara ƙotar hauya, na ce masa zan gaya wa Inna yadda aka yi. Bai ɗago ba.

"Ka hwaɗa mata don wa? Don ita, ko don ka samu barci?" ya ce. "Shanunta sun mutu, babban ɗanta ba labari, gonarta ga ta nan. Kai kaɗai ka rage mata abin nunawa. Ni na rasa mota, ban yarda ta rasa wanga ba. Ka riƙe abinka."

Can sai ga Inna ta fito da ƙaramar ƙwarya, ta dama kunu da abin da ta wanke, ta ɗebo mini kafin ta ba yara. Na ce na ƙoshi, ta ce wanda ya taka har Mayahi saboda hatsin nan ba zai zo gida ya ƙi ɗanɗana shi ba. Ta tsaya a kaina har na kafa kai. Duk wankin nan bai fid da ɗacin maganin ba, yana kama harshe yana sauka har maƙogwaro. Ta tambaye ni ko ya yi daɗi, na ce ya yi, Inna. Ta ce Allah ya yi mini albarka, ta karɓi ƙwaryar ta kai wa yaran saura.